Bargo a Cikin Fiyano

Ranar da Abdulgaffar Afandi ya cika, Ustaza Daulat tana sama tana kaɗa fiyano. Ba za a ga laifinta ba, don mutumin bai yi shawara da kowa ba. Ya sha shayinsa na safe, ya ce a miƙo masa tabarau, kafin matarsa Sitt Ihsan ta fito da shi daga ɗaki ya riga ya karkace a kujera. Kururuwar Ihsan ce ta ratsa daɓe ta iske Daulat a tsakiyar wani wuri mai wuya da take ta fama da shi. Ta ɗauke hannu, ta sauko matakala ko takalmi babu.

Duk wanda ya san gidan benen nan na layin masu gyaran agogo a unguwar Shubra ta Alƙahira ya san tsakanin matan nan biyu. Ba su haɗa jini ba, amma baƙo zai rantse ya da ƙanwa ne. Ihsan na hawa na biyu, Daulat na bisa kanta. Lokacin da Daulat take tashe, yau tana wannan ƙasa gobe tana waccan, 'yarta Hala a ɗakin Ihsan ta yi rarrafe, a can ta yi haƙori, a can ta yi ƙyanda. Ranar auren yarinyar ma Ihsan ce ta yi kukan uwa, ita kuwa uwar tana bakin ƙofa tana gaisawa da mutane kamar wadda aka aika wa katin gayyata. Ihsan ba ta taɓa goranta mata ba. Kuma shekara da shekaru tana zaune a ƙarƙashin fiyanon nan, daga hantsi har azahar, a kama wuri ɗaya a yi ta nanata shi har mutum ya ji kamar ya cire kunnensa ya rataye, amma ba ta taɓa buga rufi da sandar tsintsiya ba. In an yi mata magana sai ta ce, "Dudu ce, ku ƙyale ta."

Ita Daulat tun tana 'yar mitsitsiya aka ɗora ta a kan wannan hanya. Ubanta akawu ne a kamfanin auduga, ya sayi fiyanon a hannun wasu Italiyawa da za su bar ƙasa, aka hau da shi ta taga da igiya, unguwa ta fito kallo. Wata tsohuwa 'yar Armeniya ce ta koya mata, da rula a hannu. Daga nan gwamnati ta tura ta ƙasar sanyi, ta dawo da lambar yabo da tari mai tashi duk hunturu. Ta yi zamaninta kam. An buga hotonta a mujallu da doguwar riga, matan layin suka yanke suka liƙa a kicin, ko da yake babu wadda ta taɓa jin kiɗan har ƙarshe ba ta yi gyangyaɗi ba.

To su masu wannan sana'a suna da wata al'ada tasu ta wahalar da kai. Wai abin kunya ne mai kaɗawa shi kaɗai ya ajiye takarda a gabansa, sai dai ya haddace komai, kiɗan da ya fi tafiya garin Tanta tsawo. Wata rana, shekaru sama da goma ke nan, a gaban cikakken zaure, haddar ta ɓace wa Daulat. Ta koma baya, ta sake zuwa wurin, ya sake ɓacewa. Ta zauna hannuwanta a cinya, sannan ta miƙe ta fice. Tun daga ranar ba ta ƙara hawa dandamali ba. Ta koma makarantar kiɗa tana koyar da 'ya'yan masu kuɗi, amma ko rana ɗaya ba ta fasa zaman safiyarta ba, kamar mace mai share ɗakin mijin da ya yi tafiya bai ce ga ranar dawowa ba.

Sai a farkon wannan shekara wani tsohon ɗalibinta, Dakta Naji, ya zama mai tsara wasanni a babban zauren kiɗa na bakin kogi. Ya zo har gida da kwalin alewa ya ce ya ba ta maraice guda, ita kaɗai. Bai ɓoye mata ba: sai da ya yi rigima kafin a yarda, don akwai yara da suka dawo daga waje yatsunsu kamar walƙiya, kowa na son wurin. Daulat ta haura hamsin. Ta sani, Naji ya sani, har mai sayar da wake na bakin layi ya sani, in wannan ta wuce babu wata.

Kuma ranar wasan ta faɗo kafin sadakar arba'in ɗin Abdulgaffar Afandi.

A gida irin wannan ba sai an gaya wa kowa ba. In aka yi rasuwa, rediyo ba ya kama komai sai karatun Alƙur'ani, talabijin a lulluɓe shi da ƙyalle, yara su sauko matakala a kan yatsun ƙafa. Mutanen hawa na huɗu sun ɗage baikon 'yarsu. Balle Daulat, wadda ita ce ta tsaya a kicin ɗin Ihsan tana dafa gahawa marar sukari ga masu gaisuwa, ita ce ta san inda kofuna suke, ita ce ta riƙe Ihsan lokacin da aka fita da gawa. Kwanakin farko ko tunanin fiyano ba ta yi ba. Da mutane suka fara raguwa, sai yatsunta suka fara yi mata magana. Tana zaune cikin mata da baƙaƙen kaya, sai ta kama hannunta na dama yana tafiya a kan gwiwarta shi kaɗai, ta danne shi da na hagu.

Mijinta Dakta Murad, mai kantin magani, mutum ne da ba ya son tashin hankali ko a mafarki. Suna cin abincin rana ya dube ta ya ce, "Ranki ya daɗe, miyar ba ta yi miki laifi ba, kin tasa ta gaba kina harara."

"Hannuna na mutuwa, Murad."

"Ki je makaranta ki yi a can mana."

"Lokacin jarrabawa ne. Yara na layi a ƙofar kowane ɗaki. Jiya na samu wanda ba kowa, ashe rabin maɓallansa sun mutu, shi ya sa."

"To gidan ƙawar nan taki ta Zamalik? Mai ƙaton fiyanon nan mai sheƙi?"

"Wannan tebur ne. Hotunan jikokinta ne a kai, tun da aka saya ba a saita shi ba."

Murad ya yagi burodi ya ce, "Ki gaya wa Naji ya ɗaga."

"Ya ɗaga zuwa yaushe? Zuwa arba'in ɗina?"

Ya ci gaba da cin abincinsa.

Washegari Daulat ta jawo wani tsohon bargo na zamanin sojan Murad, ta sa almakashi ta yanko dogon ƙyalle. Ta buɗe cikin fiyanon ta rataya shi tsakanin 'yan gudumomin da tsirkiyoyin. Da ta danna, sai aka ji duf, kamar an jefa albasa a kan katifa. Ta rufe tagogi, ta zauna. Haka ta yi ta yi kullum safe, yatsu na gudu, kiɗan yana cikin kanta, ɗakin kuwa babu komai sai duf-duf-duf. Ta ɗauka ta yi wayo.

Abin da ta manta shi ne ƙafafun fiyanon a kan daɓe suke, daɓen kuma shi ne rufin Ihsan.

Ihsan tana da wata yaya, Hajiya Nabawiyya, da ta zo daga ƙauye don zaman makoki ta shimfiɗa tabarmar zama. Irin matan nan ne da kan fara magana da "ni dai ba ruwana" sannan su kwashe rabin yini a cikin ruwan. Ranar wata Alhamis, mata sun taru, mai karatu ya tashi ke nan, Daulat na zagayawa da faranti, sai Nabawiyya ta gyara mayafi.

"Ustaza, ni dai ba ruwana. Amma kullum safe sai in ji daka a samanmu. Na ce da Ihsan, ikon Allah, mutum ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ana dakan naman kofta a kansa."

"Ba kofta ba ce, Hajiya."

"Au, ba ita ba ce? To ko Dakta Murad kike dakawa? Na ga kwana biyu ya yi laushi."

Mata suka cusa baki cikin mayafi, kafaɗu na rawa. Ihsan, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta ɗago kai ta ce, "Kabad take gyarawa, Yaya. Ƙofarsa ta karye."

"Wane irin kabad ne kullum?"

"Babba ne."

Ta faɗa ba tare da ta dubi Daulat ba. Nan Daulat ta gane. Macen da ta yi rabin rayuwarta a ƙarƙashin kiɗan nan ba ta bukatar sauti kafin ta san shi, bugun kawai ya ishe ta. Tun ranar farko ta sani, tana kwance a gadon da ya yi mata faɗi tana jin kowane duf, ta yi shiru, yanzu kuma ta yi ƙarya a gaban mutane don ta rufa mata asiri. Daulat ta shige kicin ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Amma ba ta daina ba. Ta dai tura tsumma a ƙarƙashin ƙafafun fiyanon.

Da wasa ya matso, aka ba ta safiya guda ta gwada babban fiyanon zauren. Ta je da baƙaƙen kayanta. Zauren wayam, sai Naji can tsakiya da kofin shayi a hannu. Ta zauna, ta gyara kujera, ta sa hannu.

Abin da ya fito sai da ya razana ta. Haddar na nan daram, ko ɗigo bai ɓace ba, yatsu kuma sun je duk inda aka aike su. Amma sautin kamar maƙeri. Makonnin nan da ta yi tana danna abin da ba ya amsawa, hannunta ya koyi duka, yana neman muryar da bargo ya haɗiye, ita kuwa ba ta da kunnen da zai tsawata masa. Akwai wani wuri a tsakiyar kiɗan, na wani Bajamushe da ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu, inda ya kamata abin ya sauko ƙasa-ƙasa kamar uwa na rarrashin jariri. Daulat ta kafa masa ƙusoshi. Ta koma ta sassauta hannu, sai rabin maɓallan suka ƙi magana gaba ɗaya. Tsakanin duka da shiru babu komai, kuma a wannan tsakanin ne duk sana'arta take.

Naji ya taso a hankali ya jingina da dandamali. Ya shafa sanƙonsa, ya kira ta da Abla, wato yaya.

"Abla Daulat, kun yi faɗa da shi ne? In ya yi miki rashin kunya ki gaya mini in kore shi."

Ba ta yi dariya ba. Ta gaya masa zancen rasuwar da na bargon. Ya yi salati a hankali.

"Ke da kanki kika hana mu wannan muna yara. Kika ce wanda bai ji kansa ba gara ya je ya yi barci."

"Na san abin da na ce. Ka ba ni zauren nan da safe, ko na ɗan lokaci."

"Wallahi da nawa ne. Daga gobe 'yan rawar nan baƙi za su shigo da kayansu, fiyanon ma turawa za a yi bayan labule a kulle." Ya kurɓi shayinsa. "Akwai wata yarinya, Abla, ta dawo bara. In kina so a raba, ta ɗauki rabi na biyu, ke ki yi na farko da masu sauƙi. Babu wanda zai ce komai."

"Kowa zai ce komai."

"To me za ki yi?"

Ta rufe fiyanon ta ɗauki jakarta. "Ka bar takardun sanarwa yadda suke."

A motar haya tana kallon kogi ba ta ganinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da hannunta yake bukata ta san shi sarai: safiya bayan safiya a kan fiyanon da ke amsawa, har kunne ya dawo da hannu hayyacinsa. Kuma fiyano ɗaya ne a duk Alƙahira da ke jiranta.

Ta kwana da abin, ta tashi da shi. Da hantsi ta sauka. Nabawiyya ta tafi kasuwa, Ihsan na zaune bakin gado ita kaɗai tana ninke rigunan mamaci da za a bayar sadaka. Daulat ta zauna kusa da ita ta ɗauki ɗaya.

"Wannan ba ita ce wadda ya ƙona da sigari ranar auren Hala ba?"

"Ita ce. Ya ce wai ƙirar Ingila ce, ba za a yar ba." Ihsan ta ɗan murmusa. "Kin rame, Dudu. Kabad ɗin ya ƙi gyaruwa?"

Daulat ta sunkuyar da kai. Ta fara bayani, tana kwana-kwana, zancen hannu, zancen kunne, zancen yarinyar da ta dawo bara. Ba ta roƙi komai ba. Ta dai ajiye maganar a tsakaninsu kamar yadda ake ajiye kwano a ƙofar maƙwabci.

Ihsan ta gama ninke rigar da ke hannunta ta shafe ta. Ta ce, "Ki cire bargon, Dudu. Ki yi kiɗanki. Shi ya tafi, ba ya ji. Ni kuwa na saba."

To ko 'yar da aka yaye jiya a Shubra ta san amsar wannan magana. Ihsan ta yi kara, saura a mayar mata da kara. Daulat za ta dafe ƙirji ta ce, Allah ya kiyaye, Abla, hannuna ya shanye in na taɓa shi kafin arba'in. Ihsan ta ce a'a wallahi ki yi. Daulat ta ce wallahi ba zan yi ba. Su yi ɗan kuka, a ɗora shayi, kowa ya tashi da mutuncinsa: ɗaya ta bayar, ɗaya ta ƙi karɓa. Masu cewa wai zaman ƙasar Turawa ne ya mantar da Daulat wannan, ba su san ta ba. A layin nan aka yanke mata cibiya. Maganar tana kan harshenta, har hannunta ya kama hanyar ƙirji.

Sai ta ce, "Na gode, Abla."

Hannun Ihsan ya tsaya a kan rigar. Bai daɗe ba, ya ci gaba da shafawa.

"Ba komai," in ji ta. "Ki ja mini ƙofar in za ki fita, iska na shigowa."

Washegari Daulat ta rufe tagogi, ta ja labule, ta zare bargon. Ta daɗe zaune. Sannan ta sa yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai taɓa goshin mara lafiya. Tsohon gidan nan kuwa ba ya riƙe sirri. Sautin ya bi matakala ya sauka, ya fita ta tsakar gida, ya iske mai wake yana zuba wa wata a kwano, ludayin ya tsaya a sama. Tagogi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba a jima ba aka ji muryar Nabawiyya a matakala, ba ta hau ba, ta dai tsaya inda kowane hawa zai ji ta.

"Jama'a ku fito, biki ake. Wa ke da kalangu ya kawo a haɗa? Ashe abin da aka yi wa renon 'ya ke nan, a saka wa mace da rawa a kan gawar mijinta."

Sai muryar Ihsan, ƙasa-ƙasa amma ta kai: "Shigo, Yaya. Ni na ce ta yi."

"Ke kika ce? To ke kika ce, ita kuma sai ta yi?"

Aka rufe ƙofa. Daulat ta ji duka, don ta tsaya da kiɗan. Ta jira ko wani zai hau ya buga mata ƙofa, ta samu wanda za ta ba haƙuri ko ta yi faɗa da shi. Babu wanda ya hau. Ta koma farkon wurin nan mai taushi ta sake ɗaukowa.

Abin da ya fi cin ranta a kwanakin da suka biyo baya shi ne abin ya yi aiki. Safiya ta farko hannun na duka. Ta biyu ya fara jin magana. Kafin mako ya zagayo, wurin nan na rarrashi ya dawo, ya ma fi yadda yake a zamanin da ake buga hotonta, don yanzu duk sautin da za ta fitar sai ta auna shi da macen da ke zaune a ƙasa, ta ba shi daidai abin da ba zai gaza ba, ba ƙari. Da rana takan sauka kamar kullum. Nabawiyya ta tare ƙofar kicin da jikinta ta ce, "Huta, Ustaza, kada ruwan zafi ya taɓa mana yatsun gwamnati." Sai Daulat ta zauna cikin baƙi, a miƙo mata gahawa a faranti. Matan da ke gefenta su tuna suna da magana da na ɗaya gefen.

Murad ya dawo daga kanti wata rana ya ajiye hularsa ya ce, "Yau mutum uku sun zo sayen maganin ciwon kai, kowanne sai da ya tambaye ni lafiyarki."

"Me ka ce?"

"Na ce kina gaishe su." Ya zauna yana cire takalmi. "Daulat, da kin bari na sauka ni na yi magana da Fikri, ɗanta ne, namiji da namiji, wataƙila da..."

"Da me? Da ya ce a yi, kai kuma ka ce Allah ya kiyaye."

Murad ya dubi takalminsa. "Haka ne kam," in ji shi.

Ranar wasa ta saka doguwar rigar ta rufe ta da baƙar kwat har ƙasa, ta riƙe takalman a hannu don kada su yi ƙara a matakala. Ƙofar Ihsan a rufe, ana jin karatu daga rediyo. Ta tsaya a gabanta har Murad ya taɓa mata gwiwar hannu.

Zaure ya cika fiye da yadda aka zata, don rabin mutanen sun zo ne su ga ko za ta sake miƙewa ta fice. Ba ta fice ba. Da ta zo wurin nan mai taushi, aka ce har masu tari sun haɗiye tarinsu. An yi tafi har sai da ta fito sau da yawa, Naji ya sumbaci hannunta a gaban kowa yana share ido, Murad kuma ya rantse bai yi barci ba, wanda in gaskiya ne to shi ne karo na farko. Jarida ta ba ta rabin shafi. Kafin wata ya ƙare an gayyace ta wasa a Iskandariyya, an kuma sa sunanta a tsarin shekara mai zuwa.

Ranar arba'in ta sauka da baƙaƙen kaya ta yi gaisuwa a layi tare da kowa. Ihsan ta karɓi hannunta da hannu biyu ta ce, "Allah ya ba da lada, Ustaza. Mun ji an yi nasara, Allah ya ƙara ɗaukaka." Babu ɗaci a muryar, babu habaici, irin yadda za ta gaya wa matar likitan unguwa. Daulat ta buɗe baki, sai ta ga wata na tsaye a bayanta tana jiran nata layin, ta matsa.

Ta yi ƙoƙari, kada a ce ba ta yi ba. Ta aika da miyar lalo da zomo, aka dawo da kwanon cike da shinkafa da madara, a wanke tas, a ranar. Ta sauka da yamma, aka buɗe mata falon baƙi, aka yaye ƙyallen kujera domin ta. Sau ɗaya ta ce, "Abla, ki zage ni mana, in huta." Ihsan ta dube ta da mamaki ta ce, "A kan me? Ai ni na ce ki yi." Hala ta bugo waya daga Kuwait, inda take aure, ta ce, "Mama, me kika yi wa Mama Ihsan? Na tambaye ta ke, ta ce kina lafiya, ta canza magana." Daulat ta ce layin ba kyau, ba ta ji sosai.

Da Ihsan ta fita takaba, Fikri ya zo da babbar mota daga Damanhur. Shekara da shekaru yana roƙon iyayensa su koma wurinsa, uwar na cewa ita da Shubra sai makara. Wannan karon da kanta ta aika masa. Mutane sun ce kaɗaici ne, wasu sun ce matakala ce ta fara yi wa gwiwarta yawa. Kowa dai ya faɗi wanda ya fi sauƙin faɗa.

Da hantsi ake lodin, daidai lokacin da aka saba jin fiyano, kuma duk layin kunne na sama ana jira a ji ko yau ma za a yi. Ba a yi ba. Daulat ta sauko ta ɗauki kwandon kofuna ta kai mota da kanta, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya hana ta. Ihsan ta fito daga ƙarshe, Fikri na riƙe da hannunta. Ta yi sallama da mai wake, da matan hawa na huɗu, da mai gyaran agogo. Da ta zo kan Daulat ta sumbace ta kunci biyu, ta gyara mata wuyan riga da ya lanƙwashe, kamar hannun ne ya yi ba da saninta ba.

"Ki riƙa sa wani abu a wuyanki, hunturu ya kusa, kin san tarin nan naki."

"Zan zo Damanhur, Abla."

"Gidanki ne," in ji Ihsan, ta shiga mota.

Daulat ta tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwanar kantin agogo. Mata suka watse biyu-biyu, suna magana ƙasa-ƙasa. Ta hau sama a hankali, ta wuce hawa na biyu inda aka bar ƙofa a buɗe, ɗakunan babu komai sai alamar hotuna a bango. Ta shiga nata ta zauna a kujerar kicin da kwat ɗinta a jiki, har aka kira azahar, har aka idar. Sannan ta tashi ta wanke hannu. Wasan Iskandariyya saura kaɗan, kuma hannun hagu bai zauna ba tukuna.